Ƙyallen da Onorina Ke Kaɗewa

Matsalar Ermete ta fara ne wata ranar Talata, a ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na birni, da ya karanta layi huɗu na Latin ya ga kakarsa a ciki. Takardar ta kai shekara ɗari shida. Umarni ne ga masu wasan kwaikwayon Ista, wato bikin tashin Yesu daga matattu, a ƙauyensu: mata su zo bakin kabari, mala'ika ya tambaye su wa suke nema, su ɗauko ƙyalle su kaɗe sau uku don jama'a su ga ba kowa a ciki, sannan su juya ta hagu su fita.

Abin da kakarsa Onorina ke yi ke nan kowace safiyar Ista, shekara hamsin da ɗaya.

A ƙauyen aka haife ta, a gindin dutse, kuma sau biyu ta taɓa shiga jirgin ƙasa, duka biyun bai burge ta ba. Ta auri Gaudenzio mai kaɗa ƙararrawar coci. Surukarta ce ta ba ta mabuɗin akwatin da ake ajiye ƙyallen, wanda kowa a ƙauyen ya san da shi aka rufe fuskar Yesu a kabari, wani jarumi ya kawo shi daga Urushalima. Ba ta taɓa shi idan ta ci tafarnuwa. Ta binne miji da ɗa guda, amma ba ta taɓa fashin Ista ba.

Ermete ya rasa yadda zai yi, ya sa layukan a kundin digirinsa. Malaminsa ya ji daɗi, ya aika wa ofishin bishop, shugaban limaman cocin yankin. Nan aka ce za a bincika: idan kayan wasa ne, za a kai shi gidan tarihi a sa a gilashi, a karɓe mabuɗin.

Ranar da masu binciken za su zo, ya same ta tana tuƙa polenta, tuwon masararsu.

"Nonna, kakata, don Allah in sun tambaye ki, ki taƙaita."

"Ji mai digiri! Ni da na wanke maka gindi, kai za ka koya mini magana? Matsa, ka tare mini haske."

Limamin coci ne ya zo, Don Ilario, da wata mata mai farar safar hannu. Onorina ta buɗe akwatin, ta kaɗe ƙyallen sau uku ba wanda ya sa ta, ta juya ta hagu.

"Baba, me ya sa hagu?" in ji limamin.

"Ina zan bi, Don Ilario? Ta dama ai mala'ika ne a tsaye."

"Akwai mala'ika?"

"A da akwai. Mijina ne. Kafin shi ubansa. Fukafukan suna can sama a ɗakin shirgi, ɓeraye sun cinye ɗaya."

Matar ta rubuta wannan. Ta kuma nemi ganin fukafukan. Onorina ta hau tsani da kanta ta sauko da su, tana murna an samu baƙi masu hankali. Ermete ya zauna a benci. Kafin su tafi suka zare zare ɗaya daga gefen ƙyallen, suka sa a 'yar kwalba don a je a gwada shekarunsa.

Sai da motar ta ɓace ya gaya mata shi ya jawo duka. 

"Wato a takardarka ma sau uku ne?"

"Sau uku."

"To. Na sha gaya wa maƙwabciyata Clelia, tana ta cewa biyu. Shekara arba'in muna musu."

 Tun ranar ta daina rataye mabuɗin a ƙusa, a wuya take ɗaura shi. Ta sayo fikafikan agwagwa tana gyara wanda ɓeraye suka ci, ta auna kafaɗun Ermete, ta ce tunda shi ya tono mala'ika shi zai tsaya ta dama.

Saura kwana goma sha tara Ista. Ermete yana zuwa gidan waya kowace safiya. Wasiƙar bishop ba ta zo ba tukuna.