Makulli a Tafin Hannuna

Wan mahaifina ne ya koya mini gyaran wayoyin mota. Baba muke ce masa, har mahaifina idan ya manta haka yake kiransa. Rumfarsa tana bakin titi a Tsafe, kuma a zamaninsa direbobi kan ce shi da kunne yake gyara. Sai ya sa a murɗa makulli, ya rufe ido, ya nuna inda ciwon yake. Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashinsa kafin na buɗe tawa rumfar a Gusau. Da aka ba mu jiha, ma'aikata suka cika gari da motoci 'yan Beljiyam marasa kafireta, ni kuwa na koyi halinsu da wuri. Kaina ya fara girma, ba zan ɓoye ba.

A daminar 1998 wani Alhaji mai sayen hatsi, mutumin Bungudu, ya zo mini ransa a ɓace. Motarsa ta mutu masa a Kucheri, aka ja ta zuwa rumfar Baba, yau kwana huɗu. An canza fulogi, an canza famfon mai, an zubar da man tanki wai na bumburutu ne mai ruwa, har yanzu injin juyawa kawai yake yi, ba ya kamawa. Ya ce ko dai in je in duba, ko ya kwashe motarsa ya kuma gaya wa duniya cewa tsohon ya ƙare. Na san bakin Alhajin, rabin masu motocin hatsi na wannan hanya maganarsa suke ji.

Na tarar da Baba cikin bonet, direbobi sun kewaye shi, kowa da shawararsa. Ya ɗago ya amsa gaisuwata, ya koma kan aikinsa. Na duba batir, lafiya. Na bi fis ɗaya bayan ɗaya da fitilar gwaji, duk suna da rai. Amma kwayil babu wuta, famfo babu wuta. Abu biyu ba sa mutuwa tare haka kawai, sai in wanda ke ba su ne ya hana. A irin waɗannan motoci akwai wani ɗan baƙin akwati da bai fi kwalin ashana ba, rile, shi ne ke sakar wa injin wuta. Idan an murɗa makulli yakan yi 'yar ƙara, ƙas, kamar an karya tsinke. Na murɗa, ban ji komai ba.

Na ce wa Baba rilen nan nake zargi. Ya ce tun ranar farko ya saurare shi, yana bugawa. Na sake murɗawa, shiru. Ya ce ga shi nan ya buga. Direbobi suka fara kallon juna, wani ya ce yau ɗan Gusau zai koyi aiki. Wannan maganar ce ta hau mini kai. Ni mutum ne mai saurin zuciya, kuma a ranar na fi son a ce na yi daidai fiye da komai.

Na zare makullin a hankali, na riƙe shi a tafin hannu, na leƙo ta taga.

"Baba, saurara da kyau, zan murɗa. Ka jiya?"

Ya dube ni, sannan ya rufe ido kamar yadda ya saba, ya gyaɗa kai. "Na jiya. Ya buga."

Sai na ɗaga makullin sama kowa ya gani.

Aka yi dariya, ba mai yawa ba, domin wasu sun ji nauyinsa. Baba ya dubi makullin, ya dube ni. A lokacin ne na gane cewa ba taurin kai yake yi ba. Kunnen ne ya tafi, bakina yake kallo yana amsawa, kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe yake fama da haka shi kaɗai.

Sauran aikin bai ɗauke ni minti biyar ba. Na cire rilen fanka mai ƙafa iri ɗaya, na sa a gurbin wancan, mota ta tashi bugu ɗaya. Da na ɓalle murfin tsohon rilen, siririyar wayar ciki ta ƙone, tana wari. Alhaji ya yi ta yabona da ƙarfi. Baba ya goge hannunsa, ya ce lokacin la'asar ya yi, ya ɗauki butarsa.

Kafin kaka ya rufe rumfar. Ba wanda ya kore shi, motoci ne suka daina tsayawa, labarin makulli kuwa ya kai har tashar Gusau, ina jin ana ba da shi ana dariya. Baba ya koma Karakkai wajen gonar gado.

Sai da na yi wata biyar kafin na iya zuwa. Na same shi a tsakar gida yana gyaran igiyar akuya, matan gida suna sussukar gero a gefe. Ya karɓe ni da fara'a, ya tambayi iyali, ya sa aka kawo fura. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Da ka jawo ni gehe, da na hwaɗa maka da bakina. Shekara biyu ina biɗar wanda zan hwaɗa ma."

Na sunkuyar da kai na ce ya yafe mini. A hankali na faɗa, don kunya.

"Mi kac ce?"

Na dubi matan, sun dakata da taɓarya suna saurare. In dai zai ji, sai na ɗaga murya gidan duka ya ji. Ni da na iya tozarta shi a gaban direbobi, sai ga shi na kasa wannan. Na ce masa da ƙarfi furar ta yi daɗi. Ya yi murmushi, ya ce in ƙara.

Na yi niyyar komawa bayan sallah, in same shi a gona mu biyu. Saura kwana tara sallah aka aiko mini da rasuwarsa.