Kunnen Nasidi Mai Salansa

Duk keke napep ɗin da ya wuce ta lungunmu a Limancin Kona yana ruri har kwanon rufi na amsawa, to hannun Nasidi ya taɓa shi. Rumfarsa ta walda na jikin shagona na ɗinki, don haka ni na fi kowa shan wannan azaba.

Ɗan gidan malamai ne, amma karatu ya ƙi shi, sai ƙarfe ya karɓe shi. Aikinsa ɗaya ne. Direba ya kawo keke, Nasidi ya yanka cikin salansa, wato tukunyar hayaƙin keken, ya zare ragar da ke danne ƙara, ya sa bututu mai faɗi, ya liƙe. Samari sun yarda cewa in ƙara ta ƙaru, gudu ma ya ƙaru. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya riga wani isa unguwar Kongo saboda hayaniya ba.

Ba shi da ma'auni sai kunne. Yakan durƙusa, ya kai kansa dab da bakin salansa, ya ce wa direba, "Murɗa totur!" Sai ya saurara, ya ce a ƙara. Haka ya yi shekara da shekaru, kullum da kunnen dama, har ranar da na yi masa sallama ta wannan ɓangaren bai waiwayo ba. A asibiti aka ce na daman ya tafi, in yana son na hagu ya bar sana'ar.

Na ce, "Malam Nasidi, ka koma ƙofofi da tagogi mana."

Ya ce, "Bari Ihsan ta sauke tukuna. Daga na ji ta a kan allo, na rufe rumfar nan."

Ihsan ita ce autarsa, ita ce kuma ta ɗauko karatun da ya kuɓuce masa. A gidansu an daɗe ana masa kallon wanda ya zubar da gado, shi ya sa ya ɗora ransa gaba ɗaya a kan ranar saukarta. Sai dai lissafinsa a juye yake, kunnen da yake tanadi don ranar shi ya ci gaba da miƙa wa salansa. Na faɗa har na gaji, ya ce na cika mita kamar tsohuwa.

Ranar sauka ya sha farar shadda, ya zauna a sahun gaba tsakanin yayyensa masu rawani. Yarinyar ta riƙe allonta mai zayyana ta fara karantawa. Ina kallonsa ya karkatar da kai, ya kafa hannu a bayan kunne, yana leƙen fuskokin mutane don ya san inda ake cewa masha Allah. Wallahi tausayinsa ya hana ni jin karatun ni ma.

Da jama'a suka watse, muna zaune a soro ya kira ta.

"Uwata, lasifikar nan tasu ba ta da kyau. Zo ki maimaita min a nan."

Ta durƙusa ta hagunsa, ta kai baki kusa da kunnensa, ta fara. Ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Can a tsakiyar aya ta sarƙe, ta yi shiru tana jira ya ɗora ta, kamar yadda kowane uba a gidan yake yi wa ɗansa. Shirun ya yi tsawo. Ta ɗago ta dube ni, idonta ya ciko.

Shi kuwa idonsa a rufe, yana murmushi, yana ta gyaɗa kai.