Tsagen Ubale

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Setapak, can ƙasar waje, ya ci yajin Ubale. Shekara da shekaru yana sayar wa ɗalibai daddawa da kuka da kilishi, mutum ne mai tsiyar taurin kai, ni maƙwabcinsa na sha fama da shi.

A gefen bakinsa akwai tsage uku-uku, irin na bayin gidan sarauta. Kakan babansa a yaƙi aka kamo shi, zamanin da Kanawa da Ningawa ke gwabzawa kan garuruwan iyaka, yau gari na wannan, gobe na wancan. Yana yaro aka kai shi Kano a ɗaure. Daga baya aka ba shi mashi ya je ya yaƙi garinsu, ya ƙi, ya sha ankwa. Ubale na alfahari da wannan ƙin.

Ana cikin korona wani ɗalibi, Yahuza, ya fito neman 'yar Ubale, Hasanatu. Yaro mai hankali, amma bai taɓa ganin surukin ba takunkumi ba. Dangin Yahuza kuwa masu tonon asali ne. Aka sa ranar gaisawa da kawunsa ta bidiyo.

Ɗelu, matar Ubale, ta roƙe shi. "Malam, bar takunkuminka kawai. Kowa ma da shi yake yawo. Kada ka ɓata wa yarinya."

Ubale ya saka takunkuminsa. Ina zaune a gefensa aka kira. Ana gama gaisuwa ya sa hannu ya zare takunkumin, ya matso da fuskarsa.

"Alhaji, duba da kyau. Bawa ne ya haifi kakana, kamun yaƙi. Bai yi sata ba, bai ɗaga wa garinsu makami ba. Jininsa kuke nema."

Kawun ya yi gyaran murya, ya ce za su yi shawara. Shawarar da ba a gama ba ke nan har yau, abin kunya, wai masu ilimi.

Hasanatu ta yi kuka, ta rame, ta daina yi wa uban magana. Raina ya ɓaci, har na ce masa ya cika baki. Sai wata rana ina shagon Ubale ta shigo da abincinsa, ta ajiye, ta tsaya tana kallon fuskarsa.

"Baba," ta ce, "shi wanda ya ƙi ɗaukar mashin, yaya sunansa?"