Malam Manu da Bencinan Aji Huɗu

Duk wanda ya yi aiki da Malam Manu a firamarenmu ta Bagudo ya san shi ba ya yarda da "Mun gane". A makarantar nan al'ada ce, malami ya cika allo, ya ce "Kun gane?", yara su amsa da ƙarfi, a tashi. Shi kuwa da sun amsa sai ya ajiye alli ya ce, "Ƙarya kukai! Kai, tashi ka gaya muna mi ka gane."

Daga nan ya juya bencinan ajinsa suka yi da'ira, yara suna duban juna suna gardama, wani da Hausa, wani da Fulatanci. Hedimasta ya leƙo ya ce, "Malam Manu, ajin nan naka kamar kasuwar Lolo!"

"Ranka shi daɗe, ai a Lolo kowa ya san abin da ya kawo shi."

Kai, Malam Manu!

Aka tura mu bita Birnin Kebbi, aka koya mana daidai abin da yake yi. Muka tafa, muka ci shinkafa, muka dawo, kowa ya koma kan allonsa. Ranar da aka ce masu duba makarantu za su zo, Hedimasta ya sa kowane aji ya yi da'ira. Malam Manu ya yi sammako ya jera nasa bencinan reras, kamar sahun salla.

"Yau kuma mi ya faru?" in ji Hedimasta.

"Ni ba ni kwalliyar baƙi. In sun tahi ni mai da su."

Baƙi suka yaba kowane aji, ban da nasa. Kafin hutu aka yi masa canji zuwa wani ƙauye a bakin iyakar Benin. Muka je yi masa jaje, muka iske shi yana ɗaure katifa a babur yana dariya.

"An ce can ko benci babu. To, mi za su hana ni juyawa?"

Can ya rasu. Ajinsa ni aka ba, na iske ya mai da da'irarsa, kuma ban taɓa bencinan ba. Kowane zango sai an ce in miƙe su, ni kuma in ce a kai ni inda aka kai shi, na san hanya.

Wallahi ina kewarsa. Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yalwata maka makwanci.