Guntun Madaci

Tun kafin Zulai ta fara rarrafe nake tsoron ramin nan na teburinmu. Maigida ne ya sa aka huda shi, don wayoyin cajin salula su bi ta ciki su sauka wurin batir ɗin da panon hasken rana ke cikawa. Da ya tafi cirani Najeriya, ni ya bar wa teburin a zaure, ina yi wa mutane caji. Bakin ramin kuwa kaushi gare shi, kullum yana cin robar wayoyi, ni kuma ina kallon 'yan yatsun ɗiyata.

Na je wurin Malam Illa kafinta, ya yanko mini zobe na farin katako ya soka a ramin, wayoyi suka bi ta tsakiya lafiya lau. Bai dace da jan teburin ba, amma na ce ai ba ado nake nema ba. Da damina ya zauna daram. Rani na kamawa ya bushe ya motse. Wata hantsi ina miƙa wa wata mata salularta, na waiwayo na tarar zoben ya tsage biyu, ɓari guda na bakin Zulai. Da yatsa na zaro shi.

Ina zaune da ɓarin zoben a hannu, sai Iya ta faɗo mini a rai.

Iya kakata ce ta wajen uwa, ita ta riƙe ni tun rasuwar innata. Gidanta na kusa da tabkin Madarumfa. Lokacin sanyi, in an gama tuwo, sai ta jawo garwashi bakin murhu ta binne mana gyaɗa cikin toka, mu da ɗiyan maƙwabta mu kewaye ta, ƙamshin bandar kifi na shigowa ta saman danga. Ba ta farawa sai ta ga kowa ya miƙe ƙafa.

"Ga ta nan, ku matso ku karɓa."

"Ta zo, Iya, mun buɗe kunne!"

Wai wani masunci ne jirginsa na madaci ya hude. Ya je gun kuka ya roƙi abin toshi. Kuka ta ce ɗebi son ranka. Ya toshe, ya shiga ruwa, itacen kuka ya sha ya jiƙe ya zama tsumma, da ƙyar ya kai gaɓa. Ya tafi gun ƙirya. Ƙirya ta ce, "Ni ko gatari tsorona yake." Ya toshe da ita. Jirgi ya sha ruwa ya kumbura, ƙirya ta ƙi sha don girman kai, ruwa ya bi ta gefenta ya shigo.

A nan nakan ƙanƙame zanen Iya in ce, "Ya nutse?"

"Ke dai Uwar-tsoro, bari in haɗiye miyau mana! Kin taɓa jin na nutsar da mutum da gyaɗa a wuta?"

Masunci na zaune yana kuka, sai jirgin ya buɗe baki ya ce, "Koma kututturen da aka sare ni." Ya je ya tarar kututture ya yi toho, ya saro reshe ya toshe. Tun daga ranar tare suke shan ruwa, tare suke bushewa, har masunci ya manta inda hujin yake. Iya ta ce, "Ta ƙare, kan ɓera ya ƙone, ku tono gyaɗarku."

Washegari na goya Zulai na koma wurin kafinta.

"Malam, ina ragowar katakon teburinmu?"

Ya yi dariya. "Uwar Zulai, wa ke ajiye guntu? Tuni mata suka dafa tuwo da shi."

Na dawo gida na ɗauki tsintsiya. Sai da na duƙa shara na hango shi: guntun da maigida ya tokare ƙafar gadonmu da shi, ja, madaci, ɗan uwan teburin. Na maye gurbinsa da bulo, na kai wa Malam Illa. Ya fafe zobe, ya goge bakinsa sumul, ya juya shi har zanen itacen ya bi na teburin. Damina ta wuce a kansa, rani ya wuce, ko motsi bai yi ba. Zulai ta sha ƙwaƙularsa, ta gaji ta bari.

Da ina yarinya, na ɗauka labarin jirgi ne kawai. Sai da na yi aure gwaggona ta faɗa mini cewa bayan rasuwar innata, wata mai hali a Maraɗi ta nemi a ba ta ni riƙo, dangi ma sun yarda. Iya ce ta hana. Ta ce, "Ramin da ɗiyata ta bari, ni zan toshe shi. Itacenmu guda." Allah ya jiƙan Iya. Ashe ni take ba labarina, ina ta cin gyaɗa.

Roƙona gare ku guda ne. In kafinta ya yi muku tebur ko ƙofa, don Allah ku karɓi guntun da ya rage, ku ajiye shi inda wuta ba za ta ci ba.