Itatuwan Ovila

Ovila Rancourt ba mai yawan magana ba ne, amma duk ƙauyen ba wanda ake bi ido rufe kamarsa. Aikinsa shata hanya a kan kogi. In hunturu ya kankama ruwa ya daskare, sai ya ɗauki gatari ya bi ƙanƙarar yana sara yana auna kaurinta, ya kakkafa 'yan itatuwan da ake kira sapan, masu koren ganye ko da hunturu, daga wannan gaɓa har tsallake. In itace na tsaye, hanya lafiya. In an cire, kada ka taka ko uwarka ce ke kira daga can. Manomi da dokinsa, limamin coci da jakarsa, ba mai duba ƙasa, kowa itatuwan yake kallo.

Wurin ubansa ya gaji aikin, tare da doka guda da aka cusa masa da mari: in za ka rufe hanya, fara tsallakawa, ka ciro daga can kana dawowa gida. Mutanen gida ka faɗa musu da baki, amma na tsallake yaren itace kaɗai suke ji.

Shekarar da abin ya faru, hunturun wasa ne. A watan Janairu ake tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Abokinsa Zotique maƙeri har yawo yake ba hula.

"Mutumina, bana sai dai ka kafa itatuwan naka a kwalekwale!"

"Rufe mana baki, sarkin tsoro," in ji Ovila. "Kai da ko kududdufi ba ka tsallakewa sai ka riƙe siket ɗin matarka."

Ana dariya, amma hankalin kowa na can sama da ƙauyen, inda kogin ya matse tsakanin duwatsu. Ƙanƙarar da ɗumi ya farfasa ta taru a wurin ta cushe, wata kan wata, ruwa kuwa sai taruwa yake a bayanta.

Matarsa Delima tana tsallake wurin ƙanwarta da ta haihu, ta tafi da godiyarsu da amalanken da take ja a kan ƙanƙara. Wata safiya Ovila ya sauka kogi, sara ɗaya gatari ya zurma. Hanya ta ruɓe, dole a rufe. To, a nan zuciya ta yaudare shi. Kewar matar nan ta ishe shi. In ya bi dokar ubansa, zai ƙare a gida shi kaɗai, kogi ya raba su har bazara. In ya fara daga gida, aikin zai kai shi ƙofar da take. Haba, sau ɗaya ai ba komai. Sai ya fara tumɓukewa daga gaɓarsu.

Ya kai tsakiyar kogi rungume da itatuwa, ya ji ƙararrawar wuyan godiyarsa. Delima ce. Ta leƙo ta ga itatuwan gefenta tsaye ƙyam, ta ɗaura amalanke ta kamo hanyar gida.

"Tsohona!" ta ƙwala masa kira tana dariya. "Faɗi gaskiya, ka ƙone min tukunya ko?"

"Koma! Delima, koma baya!"

Bai rufe baki ba matsatsin nan ya ɓalle. Ƙarar ta doki ƙirjinsa kafin kunnensa. Ruwa ya taho baƙi ƙirin yana tura bangon ƙanƙara, haɗe da gungumomi da bishiyoyin da ya tuge har saiwa. Hanyar da suke kai ta yi tozo, ta dare. Godiyar ta zurma, ƙafafunta suka kakkarye, tana wani kuka da bai taɓa jin doki ya yi ba. Wani falalen ƙanƙara mai faɗin ƙofar barga ya miƙe tsaye, ya rufto kan amalanken, katako ya tarwatse. Ovila ya daka tsalle ya cafki hannun Delima. Fuskarta duk jini, bakinta na motsi, bai ji me take cewa ba. Sai falale biyu suka haɗe a kan ƙafarsa, ƙashi ya ce ƙas, ruwa ya fizge ta. Safar hannunta ce ta rage masa.

Zotique da mutanen gari ne suka janyo shi da igiya daga cikin wata gona, inda ruwan ya watsar da shi. Likita ya yanke ƙafar daga gwiwa. Delima kuwa sai da bazara ta shigo aka tsince ta, nesa da ƙauyen.

Bai bar aikin ba. Har ya tsufa yana kafa itatuwa, yana ɗingishi da ƙafar katako, kuma in zai rufe hanya sai ya fara tsallakawa, ko da rarrafe ne. Sau ɗaya tak aka taɓa ganin ya ɗaga wa wani hannu. Ranar jana'izar Delima ce, a ƙofar coci, Zotique ya dafa shi don ya rage masa zafi.

"Ka yi haƙuri, mutumina. Ita ma ta yi garaje, da ta ɗan duba ƙanƙarar..."

Ovila ya zabga masa sandar dogarawa a baki, haƙoran gaba suka zube a dandamali. Ovila kansa ya faɗi, don ba abin da zai tsaya a kai. Daga nan ƙasa ya yi maganar, yana kuka.

"Matata ba ta yi garaje ba. Itacena ta gani a tsaye."