Baba Mai Rigar Sanyi da Ƙofa ta Biyu

Ƙarfe bakwai saura kwata Baba yake shigowa ofis, kafin masu shara su gama. Ya rataye hularsa a ƙusa, ya zura rigar sanyin nan tasa mai ruwan toka, ko da lokacin bazara ne da rana ke narka kwalta, ya buɗe ɗakin saba. Saba su ne manyan injinan da duk aikin ofishinmu ke cikinsu, kuma ba sa shiri da zafi, shi ya sa ɗakin yake kamar firji. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne. Mai gadi ya rantse cewa a gabansa Baba ya ce fankar inji na uku ba za ta kai Juma'a ba. Ranar Laraba ta mutu. Shekara ashirin da shida yana wannan, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Ni wuya ce ta kai ni wurinsa. Akwai jarrabawar da ake yi wa irinmu, ba ta canki-canka ba, ta aiki da hannu. A ba ka inji ɗaya daga nesa, ka raba cikinsa ya zama kwamfutoci da yawa, ka haɗa musu hanya, ka gyara abin da aka lalata, duk cikin awa uku. Na faɗi sau ɗaya. Shugabar sashenmu ta ce min ba wasa, in na sake faɗuwa kujerata ta wani ce.

A lungun ɗakin nan Baba ya harhaɗa tsofaffin injina uku da aka yar, a kansu yake horar da mu. Horo kuwa na mugunta! Ka fita salla ka dawo, ya zare kebul ko ya sauya wata lamba, ya dangwara maka agogon tebur, ya koma kujerarsa yana shan shayi.

"Baba, don Allah ko alama ka ba ni."

"Ranar jarrabawa ma alamar za su ba ki, 'yata? Minti sha biyu ya rage."

Abu ɗaya ne ba ya yafewa. Ta hanya guda kake shiga injin daga nesa, in ka taɓa wannan hanyar ka yi kuskure, ka kulle kanka a waje. Dokarsa ita ce kafin ka taɓa ƙofar da ka shigo, ka buɗe wata ka gwada ta. Ran da na tsallake wannan don sauri, duk da aikin ya yi daidai, goge komai ya yi ya ce in sake daga farko. Wallahi ranar na tsane shi. Na fita ban yi masa sallama ba, a gida mijina ya sha masifar da ba shi ya jawo ba.

Ranar jarrabawa, aiki na sha ɗaya ya ce in mayar da hanyar shiga kan sabon layi. Saura minti arba'in, ayyuka shida na jirana. Buɗe ƙofa ta biyu zai ci minti biyar. Zuciyata na cewa ke dai wuce, kin iya. Na kai hannu zan danna, sai na ji kamar ƙarar cokalinsa a kofin shayi. Na yi tsaki, na buɗe ta biyun, na gwada, sannan na danna.

Allo ya daskare. Innalillahi! Lamba ɗaya na juya. Injin ya ɓace min gaba ɗaya, agogo kuwa bai tsaya ba. Na shiga ta ƙofa ta biyu, na gyara lambar, komai ya dawo. Saura minti biyu na gama.

Da sakamako ya fito na ci, a guje na same shi. Na ce, "Baba, me ya sa wannan abu ɗaya ya tsaya maka a rai haka?" Ya jawo aljihun tebur, ya miƙo min wata takarda da ta yi ja don tsufa. Sakamakonsa ne. Da maki huɗu ya faɗi. Ya ce shi ma kansa ya kulle a waje, ya zauna awa guda cur yana kallon agogo, ba abin da zai iya taɓawa. Ƙarin girman ya tafi ga wani, shi aka bar shi a ɗakin sanyi.

"Ba ka sake zama ba, Baba?"

"Na sake mana. Sau arba'in da ɗaya, ta hannun yaran da na horar, kuma duk na ci. Ke ce ta arba'in da biyu."

Kuka na fashe da shi, ba kunya.

Baba, kai ne ba ka da satifiket ko ɗaya a bango, amma kowane na bangonmu da zufarka a jiki. Kai ne ka ɗauki awa guda mafi ɗaci a rayuwarka ka hana ta maimaita kanta a kan 'ya'yan wasu. Gwani mai kunnen inji, mun gode. Ka yafe min ranar da na fita ban yi sallama ba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ɗumama ƙasusuwan da suka sha sanyi dominmu.

Ku kuma da kuka taɓa faɗuwa a wani abu, kada ku binne takardar. Ku nuna wa na baya inda ƙafarku ta zame. Ni dai na roƙi Baba agogon teburin, ya ba ni. Ranar Litinin akwai mutum biyu da za su fita salla su dawo su tarar na zare musu kebul.